Yadda za ka kankare daɓen katako ka sake masa shafe, da kulawar da yake so bayan nan

Tun kafin ka je hayar inji bari in faɗa maka wani abu, ba kowane daɓen katako da ya dusashe bane yake buƙatar a kankare shi. Mutane da yawa da zarar sun ga ya daina sheƙi ko ƙafar kujera ta ɗan ƙwarzane shi sai su ɗauko inji su hau ci, alhali shafen saman ne kawai ya gaji, shi katakon lafiyarsa ƙalau. Kuma katako ba siminti bane da za ka sake kwaɓawa ka zuba, duk abin da inji ya cinye ya tafi kenan.

Don haka fara da gwajin ruwa. Je inda aka fi takawa, bakin ƙofa ko hanyar shiga kicin, ka ɗiga ruwa kamar cokali ɗaya ka tsaya kana kallo. In ya tsaya a dunƙule a sama, toh shafen na nan da ransa, wanki kawai yake so. In sai bayan wasu mintuna ya fara shiga a hankali, shafen ya yi siriri, ƙarin shafe ɗaya zai wadatar kuma zan zo kan wannan can ƙasa. Amma in ya shige nan take ya bar duhu, ko kuma kana ganin katakon ya koma toka-toka a hanyar da ake bi, nan kam babu makawa sai an kankare.

Wane irin katako ne a ɗakinka?

Wannan tambayar ce take raba gardama. Nemi wurin da za ka ga gefen katakon, misali ka cire ƙarfen bakin ƙofa ko sikatin ɗin jikin bango ka leƙa da tocila. In katako ne guda tun daga sama har ƙasa, yawanci kaurinsa milimita 19 ne, amma kar ka ɗauka duk naka ne, abin da za a iya ci shi ne wanda ke saman harshen da ke shiga cikin ɗan'uwansa, wajen milimita 6 kenan a sabo, kuma kowace kankara tana cin kusan milimita 1. Ka ga ba sau da yawa za a yi ba a rayuwar daɓen. In ka fara hango kan ƙusoshi a tsakanin layuka, ko gefen katakon yana ɓarewa siriri-siriri, waɗanda suka riga ka sun cinye rabonka, kar ka sa masa babban inji.

Akwai kuma na haɗi, wanda katako mai kyau siriri ne aka manna a saman falawud. Wannan sai ka duba kaurin na saman, in bai kai milimita 2 ba ka haƙura da kankara. Na ukun shi ne laminet, wanda wallahi hoton katako ne kawai aka rufe da roba, in ka sa masa samfefa hoton za ka goge ka tarar da allon garin katako a ƙasa.

Sai maganar danshi. Ɗora doguwar rula a kan faɗin katakon, in ka ga gefe da gefe sun ɗago tsakiya ta lotsa kamar kwale-kwale, ruwa ne yake shigarsa ta ƙasa, ko famfo na yoyo ko simintin da ke ƙarƙashi yana tsatsafo da laima. Kar ka kankare shi a haka. In ka daidaita shi yana jiƙe, ranar da ya bushe gefen zai koma ƙasa tsakiya ta yi tozo, ka yi aikin baban giwa. Gyara inda ruwan ke fitowa, ka bar shi ya bushe ko da zai ɗauki makonni, in kana da na'urar auna danshin katako ka nemi tsakanin kashi 6 zuwa 9 cikin 100. Haka in ka ƙwanƙwasa ka ji wani wuri yana ƙara kamar ba komai a ciki, duba ko gara ce, a canza katakon tukuna.

Kayan aiki da shirin ɗaki

Babban inji iri biyu ne ake samu haya. Akwai mai ganga, wanda samfefar ke naɗe a jikin ganga tana juyawa, yana da ci sosai kuma ba ya yafiya. Akwai mai faifai da yake karkarwa yana zagaye, shi ba ya sauri amma da wuya ya yi maka rami. In wannan ne karonka na farko kuma daɓen a miƙe yake ba tudu da kwari, ni dai shawarata ka ɗauki mai faifan, gara ka ƙara yini ɗaya da ka zauna shekara goma kana kallon ramin da ka haƙa da hannunka. Za ka buƙaci ƙaramin injin gefe, da makankara ta hannu saboda kusurwa, da injin zuƙar ƙura, guduma da ɗan ƙarfen nutsar da ƙusa, fensir, tsummoki masu tsabta, leda da selotef. Samfefa kuma lamba 36 ko 40, da 60, da 80, da 100, da 220 ta tsakanin shafe. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Sayi fiye da yadda kake zato, tsohon shafe yana toshe ta da wuri.

Takunkumi na gaske, N95 ko FFP2, ba ƙyalle ba. Ƙurar katako tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanci in ana yawan shaƙa, wasu itatuwan kamar iroko ƙurarsu tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Sa abin toshe kunne da tabarau. In tsohon gida ne kuma akwai tsohon fenti a daɓen, ko baƙin gam da aka taɓa manna tayil ɗin roba da shi, tsaya a gwada tukuna, tsohon fenti kan zo da dalma, irin wancan gam ɗin kuma kan zo da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ke lalata huhu in an shaƙa, waɗannan ba abin da za ka mayar ƙura a cikin gidanka bane.

Kwashe komai, har labule da hotunan bango. Rufe ƙofofin sauran ɗakuna da leda. Sannan ka durƙusa ka bi daɓen layi-layi, duk ƙusar da ta leƙo ka nutsar da ita kamar milimita 2 zuwa 3, duk wata ƙaramar waya da aka kama kafet da ita ka zare. Ƙusa ɗaya tak ta isa ta yaga maka sabuwar samfefa, kuma tana iya yin tartsatsi ya faɗa jakar ƙura. Katakon da yake motsi ko yake ƙara in an taka, yanzu ne lokacin ɗaure shi.

Kankarar kanta

Nan ne aikin yake, nan kuma ake ɓata shi. Da inji mai ganga doka ɗaya ce babba: ganga ba ta taɓa ƙasa sai kana tafiya, kuma ba ka tsayawa sai ka ɗage ta. Ka kunna tana sama, ka fara takawa, sannan ka sauke ta a hankali, in ka kusa bango ka fara ɗagawa tun kafin ka tsaya. Ni a karona na farko wayar injin ce ta naɗe min ƙafa, na tsaya daƙiƙa biyu kacal in kunce, ganga na ƙasa, har yau in rana ta shigo ta taga da yamma ina ganin kwarin a tsakiyar falo, baƙo ba ya lura amma ni idona can yake zuwa. Tun daga nan nake rataya wayar a kafaɗa. Gwada hannunka a inda gado ko kabad zai rufe kafin ka fito fili.

Bi tsawon katakon, yadda zanen jikinsa ya tafi, kar ka gicciye shi. In daɓen yana da tudu da kwari ne kawai za ka ɗan karkata a zagayen farko, kamar digiri 7 zuwa 15, sannan ka sake bi a miƙe da wannan lambar dai don ka share sawun. Kowane layi ya hau kan rabin wanda ka gama, ka je gaba ka dawo da baya a kan layi ɗaya kafin ka matsa. Tafiya daidai wa daida, kar ka danna, nauyin injin ya isa.

Lamba 36 ko 40 aikinta cire tsohon shafe da daidaita daɓen, kar ka bar ta sai ka ga katako tsirara ko'ina. Duk sauran lambobin aikinsu ɗaya ne, kowacce tana goge ƙwarzanen da ta gabanta ta bari. Shi ya sa tsallake ba shi da amfani, in ka tashi daga 36 ka faɗa 100 da hannu za ka ji sumul, amma ƙwarzanen 36 suna nan kwance, ranar da ka zuba kala za su fito ɓaro-ɓaro kamar an zana da biro. Wata dabara da nake so, kafin kowace lamba ka yi wa daɓen zane-zane da fensir ko'ina, inda fensir ya rage ka san inji bai taɓa wurin ba. Kuma bayan kowace lamba ka zuƙe ƙura tas, don tsakuwar da ta zube daga samfefa mai kaushi in ta shiga ƙarƙashin mai laushi ita ma ƙwarzane za ta yi.

Duk lambar da ka yi a tsakiya ka yi ta a gefe da ƙaramin injin kafin ka wuce. Wannan ɗan injin shi ne mai karya baya, a sunkuye ake yinsa kuma yana fizga, yana barin sawu zagaye-zagaye kamar ƙaho. In ka gama lambar ƙarshe ka bi gefen da samfefa a hannu, a miƙe, ka haɗe shi da tsakiya, in ba haka ba ɗakin zai fito da wani zobe a gefe mai kala daban. Kusurwa kuma makankara sannan samfefa.

Cike ramuka bayan lamba 60 ake yi, kan ƙusa da ƙananan tsaga, ko da abin cikewa na gwangwani ko ka kwaɓa garin katakon naka mai laushi da ruwan da ake sayarwa don haka, shi ya fi dacewa da kalar. Amma ratar da ke tsakanin layuka ka yi hattara, katako yana tsukewa in iska ta bushe ya kumbura in laima ta dawo, in ka cike ratar a lokacin bushewa, da damina zai matse ya tofo abin da ka cusa.

Jakar ƙurar injin kar ta wuce rabi, kuma kar ka kwana da ita a cikin gida. Garin katako haɗe da tsohon shafe yana iya yin zafi da kansa ya kama da wuta ba wanda ya ƙyasta ashana. Juye ta a waje nesa da gini.

In ka gama, zuƙe ƙasa, bango, saman ƙofa, bakin taga, ka fita ka ba ƙurar iska awa ɗaya ko biyu ta sauka, ka sake zuƙewa, ka bi da tsumma mara gashi. Sannan ka kashe fitila ka kwantar da tocila a ƙasa haskenta na bin daɓen, duk aibin da ya rage zai nuna kansa. Daga nan ba takalmi, safa kawai, ɗigon gumi ma yana barin tabo a katako tsirara.

Kala, in kana so

Ba dole bane, katako mai kyau shafe kawai ya ishe shi. In za ka sa, gwada a lungu tukuna don abin da ke jikin gwangwani ba shi za ka gani a ƙasa ba. Itacen ok yana shan kala daidai, mefil da fayin kuwa dabbare-dabbare suke yi. Shafa layi uku ko huɗu, ba shi minti 5 zuwa 10, goge rarar tas da busasshen tsumma, ka matsa. Rarar da ka bari ba ta bushewa da kyau kuma tana hana shafe kamawa. Ba shi aƙalla awa 24. Tsummokin da suka sha mai kuma kar ka dunƙule su a bokiti, su ma suna kamawa da wuta da kansu, ka shanya su ɗaya-ɗaya a waje ko ka nutsar da su a ruwa cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi.

Shafen ƙarshe

Foliyuretan, wani banish mai ƙwari da ke kwanciya a saman katako, shi ne aka fi amfani da shi, kuma iri biyu ne. Na mai yana ba katako wani ja-ja mai ruwan zuma wanda yake ƙaruwa da shekaru, shafe 2 zuwa 3, kowanne sai ya kwana kafin na gaba, warinsa kuwa sai wanda ya shaƙa, kuma tururinsa yana kama wuta don haka ba girki ba sigari a kusa. Na ruwa yana barin katakon da kalarsa, warinsa kaɗan, cikin awa 2 zuwa 4 za ka iya ƙara wani, amma yana son shafe 3 zuwa 4 kuma saurin bushewar tasa ba ya ba ka damar gyara kuskure. Akwai kuma wani shafen daban da ba foliyuretan ba, man da aka haɗa da kaki irin su Osmo da Rubio Monocoat, shi shiga cikin katakon yake yi maimakon ya kwanta a sama, daɗinsa in wuri ɗaya ya lalace za ka gyara wurin kaɗai, wahalarsa kuma yana son a riƙa sabunta shi. Gidan da ake zaune a ciki da yara ni na ruwa nake zaɓa, saboda warin kawai. In katakonka tik ne ko wani mai maiƙo, goge shi da asiton, sinadarin da ke cire maiƙo, dab da shafawa kuma ka duba ko gwangwanin ya ce a fara da shafen share fage.

Juya gwangwanin da sanda a hankali, kar ka girgiza, kumfa zai yi kuma kumfan a daɓenka zai bushe. Fara daga lungun da ya fi nisa ka riƙa ja da baya zuwa ƙofa, kar ka rufe kanka a kusurwa kana kallon ƙofa daga nesa, an sha yi. Gefe da burushi, tsakiya da rola ko abin shafawa mai sanda, siriri-siriri, kana bin tsawon katakon, kuma kar ka bari bakin inda ka tsaya ya bushe kafin ka haɗa da na gaba, wato in ka fara ɗaki ba amsa waya sai ka kai ƙofa. In ka hango wani ɗan wuri da ka tsallake bayan ya fara kamawa, ƙyale shi, shafe na gaba zai rufe. Kashe fanka, kar iska ta kwaso maka ƙura, in saman ya kama sai ka buɗe taga.

Bayan shafen farko za ka ji daɓen ya yi kaushi musamman da na ruwa, kar hankalinka ya tashi, gashin katakon ne ya miƙe. Bi shi da 220 sama-sama, share ƙurar, ka ci gaba. Mai sheƙi sosai yana tona asirin kowane ƙwarzane da kowace ƙura, mai ɗan dishi-dishi ya fi rufa asiri.

Bushewa daban, ƙwari daban. Bayan awa 24 za ka iya takawa da safa, kayan ɗaki bayan kwana 3 zuwa 4 kuma ɗagawa za a yi a ajiye ba ja ba. Kafet da darduma su jira, sati 2 ga na ruwa, wata guda ga na mai. Wanda ya yi gaggawar shimfiɗa kafet zai ɗaga wata rana ya ga hotonsa a ƙasa.

Gajeriyar hanyar da na ce zan dawo kanta

In shafen ne kawai ya yi siriri, wanke daɓen sosai, bi shi da injin faifai da ragar gogewa, wato samfefa mai siffar raga, mai lamba 120 zuwa 150 don kawai ka kashe sheƙin sabon ya samu wurin kamawa, share ƙura, shafa ɗaya ko biyu. Yini ɗaya ka gama kuma katako bai rasa komai ba. Matsala ɗaya, in an taɓa goga masa kaki ko irin folish ɗin nan na kwalba mai sa sheƙi nan take, sabon shafen ba zai kama ba, ɓawo zai riƙa yi. Gwada a ɗan wuri, bar shi kwana biyu, ka kankara da kwabo, in ya ɓare toh sai cikakkiyar kankara. Mai yin wannan duk bayan shekara 3 zuwa 5, tun kafin shafen ya huje, zai iya daɗewa ƙwarai bai ga inji mai ganga ba.

Kulawar yau da gobe

Yashi da ruwa su ne abokan gaba. Yashin da ke ƙarƙashin takalmi samfefa ce kake yawo da ita, don haka abin goge ƙafa a waje da cikin ƙofa, shara da tsintsiya mai laushi ko injin zuƙa wanda burushinsa ba ya juyawa. Mofa kuma a matse ta sosai, in ka goge wuri bai bushe cikin minti ɗaya ko biyu ba ruwan ya yi yawa. Kar a kwara ruwa kamar ana wanke tayil, kar a sa mofa mai tururi, kar a sa ruwan khal ko bilic ko amoniya, suna kashe shafen a hankali, sabulun da aka yi don daɓen katako shi ne daidai. Abu in ya zube a goge a lokacin. Manna ƙyalle mai kauri a ƙafar kowace kujera ka riƙa canzawa in ya kwashi yashi, takalmi mai tsini a cire, a yanke wa kyanwa ko kare farce. Tukunyar shuka kar ta zauna kai tsaye a ƙasa. Rana ma tana canza kala, wani katakon ya yi duhu wani ya koɗe, sai a riƙa sakin labule ana kuma matsar da kafet lokaci-lokaci. Laimar ɗaki in ta tsaya tsakanin kashi 35 zuwa 55 katako ya fi samun natsuwa.

Tabo fari yawanci a cikin shafen yake, bai kai katako ba. Baƙi kuwa ya shiga, galibi ruwa ne da ƙarfe suka haɗu da sinadarin tanin na jikin itacen, kamar inda gwangwani ko ƙafar ƙarfe ta zauna a jiƙe. Wannan sai an kankare wurin a shafa asid ɗin oksalik, da safar hannu da tabarau, ya bushe a ɗauraye sosai kafin a sake gogewa. Na fitsarin dabba da ya daɗe sau da yawa ya yi zurfin da gara a canza katakon. Lotsawa kuma, irin ta abu mai nauyi da ya faɗo, in zaren katakon bai tsinke ba kuma wurin tsirara yake, ɗora jiƙaƙƙen tsumma ka danna dutsen guga mai zafi na 'yan daƙiƙu, ka ɗaga ka duba, ka maimaita sau biyu ko uku, tururin zai kumbura shi ya taso. Bar shi ya kwana ya bushe kafin ka bi da samfefa ka shafe wurin.